Yashi a hoton biran Lekki: sensa ce ta gaza ko saiti ne?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan dawo ina cizon yatsa. Ranar Asabar na je dajin nan na Lekki Conservation Centre da kyamarar da nake aikin biki da ita, mai sensa (farantin ciki da ke karɓar haske) irin ta APS-C, megafiksel 24, da lens 70-300. Biran nan da ake kira mona na je ɗauka. Na ɗauki hoto ya fi ɗari uku, wallahi wanda zan iya nuna wa mutum bai kai biyar ba. Da farko na kafe ISO, wato lambar da ke ɗaga hasken hoto, a 400, don haka aka koya mana, wai in ka wuce 800 hoto ya lalace. Sai kyamara ta ba ni shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, 1/30 na daƙiƙa, duk biran suka fito dishi-dishi, wutsiya kamar hayaƙi. Da na ga haka na kai ISO 6400, shata ta koma 1/500. Motsi ya tsaya kam, amma da na buɗe a kwamfuta sai ga yashi ko'ina, fuskar biri kamar an watsa mata tsaki, ga ɗigo-ɗigo ja da kore a cikin inuwa. Wani abokin aikina ya ce sensar ce ƙarama, in sayar in cika kuɗi in sayi ful firem, wato mai babbar sensa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma da wannan kyamarar nake ci da iyali. Ya kuka gani?

Autan Mile 12: Wa alaikumus salam. Abokin naka gaskiya ya gaya maka. Ni ma haka na yi ta fama har na koma ful firem, yanzu ina kai ISO 6400 hankalina kwance. Ka je Computer Village ka duba tokumbo, za ka samu mai sauƙi.

Baba Mai Studiyo: Ɗana, kada ka sayar da komai tukuna. Tambaya biyu zan yi maka. Birin yana nesa har sai da ka yanke hoton a kwamfuta don ya girma? Na biyu, da hoton ya fito daga kyamara, birin yana da haske ko sai da ka ƙara masa?

Ɗan Agege: Baba duka biyun na yi. Suna can saman bishiya, sai da na yanke, abin da ya rage bai fi kwata na hoton ba. Kuma sararin sama da ke leƙowa ta bayan ganye ya sa birin ya fito baƙi, na ja masa haske sosai a Lightroom.

Baba Mai Studiyo: To ka ga inda gizo ke saƙar. Injiniya, zo ka yi masa bayanin nan naka na yayyafi, ka fi ni iya tsara shi.

Injiniya Ikeja: Baba na amsa kira. Ɗan uwa, abu na farko da nake so ya zauna maka: ba ISO ke haifar da yashin nan ba, ƙarancin haske ne. Haske ba ya zubowa kamar ruwan famfo, ɗigo-ɗigo yake sauka, kowane ɗigo masana na ce masa foton. Ka tuna farkon yayyafi a kan siminti: nan ɗigo uku, can ɗaya, gefe babu ko ɗaya, simintin ya yi rodi-rodi. Amma in ruwa ya kece, ko'ina jiƙewa yake yi bai ɗaya. Sensa ita ce simintin, kowane fiksel ɗan gurbi ne da ke tarar ɗigon haske. In hasken kaɗan ne, wannan gurbi ya samu da yawa, maƙwabcinsa ya samu kaɗan, alhali abu ɗaya suke kallo. Wannan saɓanin shi kake gani a matsayin yashi.

Lissafinsa ma sananne ne. In fiksel ya tari ɗigo 100, saɓanin yakan kai kusan 10, wato kashi 10 cikin ɗari, ido zai gan shi ƙarara. In ya tari 10,000, saɓanin kusan 100 ne, kashi 1 kacal, ba ka ma lura. Akwai kuma ɗan yashin da wayoyin cikin kyamara ke ƙarawa wajen karanta sensa, shi ya fi fitowa a cikin inuwa mai duhu, amma a kyamarorin zamanin nan kaɗan ne.

Shi ISO kamar maɓallin murya ne a rediyo. Kana kama tasha a gajeren zango, tana zuwa da rauni, ka murɗa murya: maganar ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Ba murɗawar ce ta kawo shuuu ba, da ma yana nan, tashar ce ba ta da ƙarfi. Kai da ka tashi daga 1/30 zuwa 1/500, ka rage hasken da ke shiga mataki huɗu, kowane mataki rabi ne, wato kashi ɗaya cikin 16 ya rage. ISO 6400 ya ɗaga muryar ne kawai don ka ga hoton.

Ɗan Agege: Injiniya, to amma ai duk sanda na ɗaga ISO nake ganin yashi. Ta yaya za a ce ba shi ba ne?

Injiniya Ikeja: Saboda ba ka ɗaga shi sai in haske ya yi ƙaranci, shi ya sa kullum tare kake ganinsu. Gwada yau da daddare a ɗakinka. Sa kyamara a M, wato saitin hannu, shata 1/100, buɗin lens f/5.6, kada ka taɓa su. Ɗauki ɗaya a ISO 6400, ɗaya a ISO 800. Na 800 zai fito da duhu, ka ƙara masa haske mataki uku a kwamfuta har su daidaita, sannan ka jera su. Za ka ga yashinsu kusan ɗaya ne, sau da yawa ma na 800 ɗin ya fi muni, musamman ɗigon nan ja da kore. Wannan shi ne abin da ya same ka da ka ja wa birin haske daga baya.

Baba Mai Studiyo: Tsoron ISO gado ne daga zamaninmu. A fim, mai ASA 400 ƙwayoyin sinadarinsa sun fi na ASA 100 girma, to da gaske in ka sa fim mai gudu hoto yakan yi tsaki. Muka taso da wannan, muka koya wa yaranmu, su ma suka koya wa nasu, ga shi an shiga dijital ana ta maimaitawa. Ni na taɓa zuwa Yankari da fim guda biyu rak, kowanne hoto 36. Na yi kwana biyu ina jiran giwaye su sauko bakin kogin Gaji, ban danna ba sai da na tabbatar. Abin da fim ya koya mini shi ne hoto mai tsaki ana iya wanke shi a rataye a bango, amma wanda dabba ta motsa ya zama dishi-dishi sai kwandon shara. Har yau wannan hukuncin bai canza ba. In dole ne ka zaɓa, zaɓi yashi.

Autan Mile 12: Baba da Injiniya, duk na ji, amma kada mu ruɗe yaron nan. Babbar sensa ta fi ƙarama, wannan ba abin musu ba ne. In ba haka ba me ya sa manyan masu ɗaukar namun daji ke zuba kuɗi a kanta?

Injiniya Ikeja: Auta, ban musa ba, ta fi. Ful firem milimita 36 ne a 24, daidai da girman tsohon fim ɗin su Baba, faɗinta duka murabba'in milimita 864. APS-C irin ta Nikon da Sony wajen 23.5 a 15.6 ce, kusan 367, ta Canon ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Ka ga ful firem ta ninka ta sau biyu da ɗoriya, ribar mataki ɗaya da 'yan kai. Shi ya sa 6400 ɗinka ke kama da 3200 ko ƙasa da haka a tasa. Amma da sharaɗi: sai in dabbar ta cika hoton. Baho ya fi kwano tarar ruwan sama ne in ruwan na sauka a kan bahon duka.

Ka ɗauka ɗan uwanmu ya sayi ful firem ya ɗaura lens mai tsawon 300 ya tsaya a inda ya tsaya. Girman birin a kan sensa ba zai canza ba ko da milimita ɗaya, don lens ne ke zana shi. Abin da zai ƙaru ganye ne da rassa a gefe, waɗanda zai yanke ya zubar. Ya sayi babban fili ya noma ɗan lungu. Ko yanzu ma, da ya yanke hotonsa zuwa kwata, murabba'in milimita 92 kawai ya yi aiki da shi cikin 367, bai kai sensar inci ɗaya ba, wadda take 13.2 a 8.8, wajen 116. Megafiksel 24 ɗinsa kuma suka koma 6.

Autan Mile 12: To ai ba wanda zai sayi ful firem ya tsaya a 300. Ni 150-600 nake ɗaurawa.

Injiniya Ikeja: Yawwa, ka faɗi maganar da bakinka. Rabin gyaran da ka gani daga lens ɗin ya zo. Ga yadda ake aunawa: raba tsawon lens da lambar f, zai ba ka faɗin ƙofar da haske ke bi. Irin 70-300 ɗin nan da ke ƙarewa a f/6.3, 300 a raba da 6.3 ya ba da milimita 48. Naka 600 a f/6.3 ya ba da 95. Ƙofa ta ninka a faɗi, hasken da take kwasowa daga jikin dabbar ya ninka sau huɗu, mataki biyu ke nan cif. Manyan nan da kake magana, 600 f/4 suke riƙewa, ƙofarsa milimita 150. Don haka in ma kuɗi zai kashe, lens ya kamata ya fara saya, ya ɗaura a kan kyamarar da yake da ita.

Maman Iman: Sannunku da ƙoƙari. Ina ta karantawa ina jin kamar a ce mu masu ƙananan sensa mu tattara mu koma gefe. Ni Nikon P900 ce da ni, sensarta irin ƙaramar nan ce, 6.17 a 4.55, ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Amma da ita nake ɗaukar balbela da zalɓe a bakin ruwa nan wajenmu ta Badore, da shirwa in ta sauka kan falwaya da rani, kuma kun ga hotunan a nan kun yaba. Ɗan Agege, ƙanina, kada wani ya sa ka raina abin hannunka.

Injiniya Ikeja: Hajiya, lissafin ma yana bayanki. An rubuta wa kyamararki milimita 2000, amma ainihin tsawon lens ɗin a ƙarshen zum milimita 357 ne a f/6.5. Raba ki gani, ƙofar ta kai milimita 55, ta fi 48 ɗin ɗan uwanmu. Wato tsuntsun da ke can nesa, wanda shi sai ya yanke hoto ya yanke kafin ya gan shi, ke kin fi shi kwasar haskensa, kuma duk megafiksel 16 ɗinki a kan tsuntsun suke. Inda za ki sha wuya shi ne dabba babba a kusa cikin duhun daji, nan ne babbar sensa ke nuna kanta.

Maman Iman: Haka ne kuwa. Na shiga Lekki da ita sau biyu, a cikin inuwar nan ba ta jin daɗi, in na wuce ISO 800 gashin tsuntsu sai ya dame kamar fenti. Kuma ba ta ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, sai P950 da P1000 aka sa musu. Shi ya sa na san lokacinta: hantsi, rana a bayana, tsuntsu a fili. Ban taɓa neman ta yi mini abin da ba za ta iya ba.

Ɗan Gashuwa: Ni abin da nake so ɗan uwanmu ya gane shi ne wurin da ya zaɓa yana cikin mafi wuya. Mu can gida in ka je Dagona, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, lokacin sanyi da tsuntsayen Turai ke sauka, haske har ya yi maka yawa. Da rana tsaka a fili, ISO 400 da f/8 za su ba ka wajen 1/1600. Kai kuma a ƙarƙashin bishiyoyin Lekki ISO 400 da f/6.3 suka ba ka 1/30. In ka daidaita lissafin, hasken fili ya ninka na inda ka tsaya kusan sau 80. Ido ba ya gaya maka haka don yana sabawa da duhu, kyamara kuwa ba ta ɓoyewa.

Amma mu ma da tamu matsalar, kuma ita ce ke sa ni shakkar dogon lens ɗin da ake ta zugawa. In rana ta take, iska mai zafi na tashi daga ƙasa tana rawa, tsuntsun da ke nesa sai ya fito kamar kana kallonsa ta cikin ruwa. Da hunturu kuma ƙura ta shiga tsakani. Wannan ba sensar da ke maganinsa, ba lens. Matsowa kusa kawai. Kuma in ka rage nisan da ke tsakaninku da rabi, dabbar ta ninka sau huɗu a kan sensa, daidai da ribar da Injiniya ya lissafa wa lens 600, ba ka biya ko sisi ba.

Autan Mile 12: Matsowa a Lekki ai sai dai su su matso, kai kana kan hanyar katakon nan ta masu ziyara ba a sauka. Ka tafi da ayaba a jaka, za su zo har gabanka. Ko ka sa filasha ka huta da zancen haske gaba ɗaya.

Malamar Bayoloji: Auta, don Allah a'a. Ina kai ɗalibai wurin nan, na ga abin da ciyar da biran ke jawowa. Sun saba da hannun mutane har suna fizge leda da kwalbar lemo, yara na firgita, kuma birin da ya saba da haka wata rana cizo zai yi. Abincinmu ma ba nasu ba ne. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa wurin a 1990, hekta 78 ne aka keɓe a tsakiyar gine-ginen Lekki don dabbobin su rayu yadda Allah ya halicce su, bai kamata mu da muke cewa muna son su mu zama masu ɓata musu ɗabi'a saboda hoto ba. Filasha kuma a fuskar dabba cikin duhu, ni ba na so, ga shi yana kashe kyan hoton, ido ya yi ja, bayan ya yi baƙi ƙirin.

Abin da zai taimake ka, Ɗan Agege, sanin halinsu ne. Mona a garke suke yawo, kuma ba kullum suke tsalle ba. Suna da 'yar jaka a kumatu da suke cusa abinci, sai su nemi reshe su zauna su ci a natse. Suna kuma zama suna yi wa juna tsifar gashi, uwa ta rungume ɗanta. A irin wannan lokacin ba ka bukatar 1/500. Ka nemi inda rana ta huda ganye ta sauka a kan reshe ko kan dogarin katakon, ka tsaya nan shiru, ka bar su su shigo hasken. Masu hayaniya za su wuce, kai ka zauna.

Autan Mile 12: Na karɓi gyara a kan ayaba, Malama. Allah ya ba da haƙuri. Amma a kan sensa ina nan a kan bakana.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri, kaina ya fara ɗaukar haske. To a aikace, in na koma, me zan sa a kyamarar? Lens ɗin yana da abin hana rawar hannu, na ɗauka shi zai cece ni a 1/30.

Baba Mai Studiyo: Wancan rawar hannunka yake tsayarwa, ba ya tsayar da biri. Ga yadda nake yi da tawa. Ka sa ta a M, ka buɗe lens iyakarsa, ka zaɓi shata da kanka, ISO kuma ka bar shi a oto, ka sa masa iyaka 6400. Biri na zaune, 1/250 ya isa, in ya natsu sosai ma ka gwada 1/125 ka danna a jere guda biyar ko shida, cikinsu za ka samu ɗaya da ya tsaya cak. Yana tafiya a reshe, 1/500 zuwa 1/800. Tsalle ko tsuntsu a sama, wannan sai 1/2000, kuma a cikin inuwar nan ka haƙura da shi, ka bari sai a fili. Kowane mataki da ka sassauta wa shata, haske ya ninka, yashi ya ragu.

Sai maganar sararin sama da ya ruɗi kyamararka. Tana ganin farin nan ta bayan ganye sai ta ɗauka wuri ya yi haske, ta danne komai. Ka ƙara mata haske da +0.7 ko +1, ko ka sa ta auna haske a tsakiya kawai, a jikin dabbar. Mafi kyau ma ka zagaya har bayan birin ya zama ganye, ba sama ba. Ka ɗauka a RAW. Ka riƙa duba histogiram, wato zanen tudu da ke nuna yawan hasken hoto, tudun ya matso dama amma kada ya manne da bango. Kada ka yarda da hasken allon bayan kyamara, a cikin duhu komai kyau yake yi a kansa.

Ɗan Gashuwa: Ƙari a kan na Baba: kada ka wahalar da kanka da marikin kyamara mai ƙafa uku a kan gadar nan ta Lekki da ke rataye a saman bishiyoyi. Tsawonta mita 401 ne, kuma lilo take yi da zarar wani ya taka, ko yana can nesa. Katakon ƙasa ma yana amsa takun mutane. Ka dafa gwiwar hannu a ƙirjinka, ka jira su wuce. A kan gadar kada ka sauka ƙasa da 1/500 ko da dabbar barci take.

Maman Iman: Kuma a daina zuƙo hoto ɗari bisa ɗari ana leƙen yashi. Wa zai kalli hotonka haka? Instagram ma rage shi yake yi zuwa faɗin fiksel 1080, yawancin yashin nan narkewa yake in an rage girma. Ni sai in ga hoto ya yi kyau a waya, mai shi kuma yana can yana baƙin ciki a gaban kwamfuta.

Injiniya Ikeja: Gaskiya ne Hajiya. Wanda ya rage kuma manhaja na rage shi. Yashi iri biyu ne: na launi, ɗigon nan ja da kore, shi cire shi ba ya cin komai, ka cire shi duka. Sai na haske, mai kama da tsaki, shi ne in ka matsa masa gashin dabba ke shafewa ta koma kamar ta roba, to ka rage kaɗan ka bar saura. Tun 2023 Lightroom ya zo da Denoise mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, akwai DxO PureRAW da Topaz, suna yin abin mamaki a kan RAW, sai dai suna son kwamfuta mai ƙarfi, a tsohuwar laftof hoto ɗaya zai iya cin mintuna. Wanda ba shi da kuɗin waɗannan, darktable da RawTherapee kyauta ne. Kuma kada ka ƙara wa hoton kaifi gaba ɗaya, yashin kake wasawa, ka tsaya a ido da gashin fuska.

Malamar Bayoloji: Ni dai ina roƙon a yi hattara da manhajojin nan in hoton na shaida ne, wato don a gane wane irin tsuntsu ne. Na ga inda aka goge har zanen fiffike ya canza kama. A ajiye na asali kullum.

Ɗan Agege: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Gwajin ɗaki na yi shi tun a daren, Injiniya, wallahi na 800 ɗin da na ja ya fi ƙazanta, har da layi-layi a inuwa. Jiya kuma na bar Agege bayan sallar asuba don in tsere wa cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe. Na yi yadda Baba ya ce, M, f/6.3, 1/250, ISO a oto, +0.7. Na samu wani wuri da rana ke saukowa kan reshe, na tsaya ya fi minti arba'in, har na fara tunanin tafiya. Sai ga garke sun zo, wata uwa da ɗanta ta zauna bai fi taku bakwai daga inda nake ba. ISO ya tsaya tsakanin 2000 da 3200, ban yanke komai ba, ana ƙirga gashin gira. Akwai yashi a ganyen baya amma bai dame ni ba. Masu tsalle kam duk sun lalace, na haƙura da su. Kuskuren da na yi, na fito fili na manta +0.7 ɗin yana nan, na ɗauki wata balbela, farin bayanta ya ƙone fat babu gashi ko ɗaya. Ga guda uku na turo.

Maman Iman: Masha Allah, na biyun nan da ɗan ke leƙowa ta ƙarƙashin hannunta! Balbela kuwa kullum ragewa ake yi, ni -0.7 nake sa mata, in rana ta yi ƙarfi har -1, don farin da ya ƙone ba ya dawowa ko a RAW. Amma sake turo su a matsayin fayil, WhatsApp ya matse su, ba a ganin gashin da kake faɗa.

Baba Mai Studiyo: Madalla ɗana. In ka koma gida kada ka bar kyamarar a cikin jaka, daminar Legas da laimar dajin nan suna sa lens ya yi fumfuna. Ka goge ta, ka sa a roba mai murfi da ƙullin silika.

Autan Mile 12: Hotuna sun yi kyau, ba ƙarya. Amma da ful firem ce a wannan tazarar, da ganyen bayan ma ya fito sumul, Injiniya ai ka yarda da wannan.

Injiniya Ikeja: Na yarda, a wannan tazarar da lens da zai cika ta, za ka fi shi da mataki ɗaya da 'yan kai.

Autan Mile 12: To Asabar mai zuwa zan zo da tawa da 150-600 ɗin, mu tsaya wuri ɗaya mu ɗauki biri ɗaya, a jera a nan kowa ya gani. Ɗan Agege, wace irin kyamara ce taka? In bakin ɗaura lens ɗinta ɗaya ne da na tawa sai ka ɗaura lens ɗin nawa a kanta ka ji yadda yake kafin ka kashe kuɗi.

Ɗan Agege: Zan turo maka ta waya yanzu, Yaya Auta. Ina da ɗaurin aure da azahar a Idi-Araba, sai dai mu shiga da wuri mu fito kafin sha ɗaya.